Karen da Ba Shi da Ubangida

Wurin karatunmu na yau aya ɗaya ce tak, Karin Magana sura 12 aya 10. In akwai Littafi kusa da ku, ku buɗe ku karanta da kanku. Koyarwar da ke wurin ita ce, akan gane mutumin kirki ta yadda yake riƙon dabbar da ke hannunsa.

Na san wani zai ce, "Yau kuma Fasto ya rasa abin wa'azi sai kare?" Ku yi mini haƙuri ku saurara. Zan fara da tuba, gama bai kamata mai wa'azi ya tone laifin jama'a ya binne nasa ba.

Sa'ad da na gama makarantar tauhidi, aka tura ni wata ƙaramar ikkilisiya a ƙauye, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Gidan fasto yana bakin gari, ba katanga, sai dangar kara. Mako biyu da zuwanmu wani dattijo ya kawo mana ɗan kwikwiyo baƙi a cikin kwando, ya ce, "Fasto, gidan nan ba ya zaunuwa ba kare." Yara suka sa masa suna Duna. Shekara huɗu Duna yana tare da mu. Ya hana ɓarayin kaji sakat. Ya taɓa kashe maciji a gindin rumbu. In uwargida za ta rafi shi ne a gaba, in na hau keke zuwa ziyarar ƙauyuka shi ne a baya.

Sai takardar canji ta zo, aka mai da ni birni. Muka ɗauko a-kori-kura guda, muka loda katifu, da kujeru, da buhunan masara, da akwatin littattafaina, har da kaji a cikin akurki. Direba ya ce shi ba ya ɗaukar kare. Ni kuwa ban yi masa gardama ba, domin tun da dare na riga na yanke a raina cewa gidan birni ba wurin kare ba ne. Ban ba kowa amanarsa ba. Na ce, "Kare ne, zai nemi abincinsa." Mota ta tashi, Duna ya biyo mu da gudu cikin ƙura har muka haye gada. 'Yata ta fari, mai shekara shida a lokacin, tana ta kuka tana kiransa, na daka mata tsawa ta yi shiru. Kun san a kan me na yi wa'azin bankwana ranar Lahadin da ta gabata? A kan makiyayi mai kyau, wanda ba ya gudu ya bar tumakinsa.

Daga ranar nan Duna ya zama karen bola. Ba haka aka haife shi ba, ni na mai da shi haka.

'Yan'uwa, in kun ga kare yana tona juji a bayan mayanka, haƙarƙarinsa a waje, kirci ya cinye gashinsa, kaska ta cika kunnuwansa, ku tambayi kanku daga ina ya fito. Kare ba kura ba ne, ba dila ba ne. Ba daga jeji ya shigo gari ba. Dabba ce da mutum ya jawo jikinsa tun zamanin da, domin farauta da gadi da kiwo, har ta zama ba ta iya rayuwa nesa da mutum. Kusan kowane karen bola yana da wani mutum a bayan labarinsa. Wani an yi masa canjin wurin aiki, kamar ni. Wani maharbi ne, karensa ya tsufa, ba ya kama zomo kuma. Wani karyarsa ta haifi bakwai, ya zuba su a kwali ya ajiye a bakin kasuwa da asuba. Akwai kuma waɗanda rikici ya kora daga ƙauyukansu da tsakar dare, da ƙyar suka tsira da 'ya'yansu. Waɗannan kam ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Amma sauranmu fa? Yawancin 'yan kwikwiyon da aka haifa a bola ba sa kai shekara. Wanda yunwa ta bari, mota ta take. Wanda ya girma kuwa, abin da ya sani game da mutum shi ne jifa, da sanda, da ruwan zafi. Sa'an nan mu ce kare mugu ne.

Ba zan ɓoye muku ba, kare ba shi da daraja sosai a cikin Littafi Mai Tsarki. Goliyat ya ji haushi domin Dawuda ya zo masa da sanda kamar mai korar kare. Mefiboshet da yake ƙasƙantar da kansa a gaban sarki, da mataccen kare ya kwatanta kansa. Karnuka ne suka cinye gawar Yezebel. Karnukan biranen Isra'ila irin namu ne na bola, masu yawo cikin dare. Amma ku duba Fitowa 22:31. A can Allah ya hana jama'arsa cin naman da namomin jeji suka yayyage, ya kuma faɗi inda za a kai shi, wato wurin karnuka. Ashe ko a cikin shari'ar Musa an yanka wa kare rabonsa. Ku duba kuma matar nan Basurofinikiya a Markus sura 7, wadda ta roƙi Yesu saboda 'yarta. Kalmar Helenanci da aka mora a wurin ta ƙananan karnukan gida ce, masu kwanciya a ƙarƙashin tebur suna jiran abin da zai faɗo daga hannun yara. Da wannan misali matar ta kafa roƙonta, Ubangiji kuwa ya karɓa. Li'azaru kuma, a Luka 16, yana kwance a ƙofar mai arziki karnuka suna lasar gyambunansa. Masanan Littafi sun rabu biyu a kan wannan, waɗansu sun ce ƙarin azaba ne, waɗansu sun ce sauƙi ne. Ko wanne ne, ni abin da na lura shi ne, karnuka sun san Li'azaru yana wurin, maigidan kuwa yana wucewa kamar bai gani ba.

To, a ina aka fara tunanin gina wa irin waɗannan karnuka mafaka? Bari in kai ku Ingila, gama a can labarin yake, kuma akwai hannun masu bi a ciki.

A shekara ta 1824, a wani gidan shan gahawa a birnin Landan, mutane kaɗan suka taru suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda ita ce ta farko da ta ɗore a duniya. Wanda ya kira taron limamin Angilikan ne, sunansa Arthur Broome. Mutumin nan ya ajiye aikin ikkilisiyarsa ya zama magatakardan ƙungiya ba albashi. Bashi ya hau kan ƙungiyar, da yake kuma shi ne ya tsaya mata, a 1826 aka jefa shi kurkuku saboda bashin. Ku yi tunani, limami a kurkuku saboda dawakai da jakuna da shanun da ake duka a titi! Dokar farko ta 1822 ta kare dabbobi irin su shanu da dawakai da tumaki ne, sai a 1835 aka faɗaɗa ta ta haɗa da karnuka. A 1840 Sarauniya Biktoriya ta ba ƙungiyar izinin ɗaukar sunan sarauta, har wa yau kuma tana nan tana aiki.

Mafakar karnuka kuwa mace ce ta fara ta. Sunanta Mary Tealby. Ba mai kuɗi ba ce, aurenta ya mutu, shekarunta sun kusa sittin. Wata ƙawarta ta tsinci kare a titi yunwa ta kusa kashe shi, Mary ta yi jinyarsa, amma karen ya mutu. Abin ya tsaya mata a rai. A 1860 ta sami wani tsohon bargan dawakai a unguwar Holloway, ta buɗe gidan wucin gadi domin karnukan da suka ɓata da masu fama da yunwa. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, ta ce ina hankali a gina wa karnuka gida alhali mutane suna kwana da yunwa a titunan Landan. Mary ta rasu a 1865, ba ta ga ƙarshen aikinta ba. A 1871 aka mai da gidan unguwar Battersea, a 1883 ya fara karɓar kyanwoyi, yau shekara fiye da 160 ke nan ƙofarsa ba ta rufu ba.

Maganar jaridar nan, na tabbata, ita ce a zuciyar waɗansunku yanzu. "Fasto, marayu sun cika ikkilisiya, gwauraye ba su da hatsi, 'yan gudun hijira suna kwana a makarantu, kai kana zancen kare." Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Mutum aka yi cikin siffar Allah, ba kare ba. In tuwo ɗaya ya rage, na yaro ne. Amma ku ji wannan. Cikin waɗanda suka zauna a taron 1824 akwai William Wilberforce, mutumin da ya yi shekara ashirin yana fama a majalisa har aka hana cinikin bayi a 1807. Tausayin dabba bai rage masa tausayin mutum ba. A Amurka kuma, Henry Bergh ya kafa ƙungiyar kare dabbobi a birnin New York a 1866. A 1874 wata ma'aikaciyar mishan ta Metodis, Etta Wheeler, ta sami labarin wata yarinya, Mary Ellen, da mariƙiyarta take azabtarwa a ɗaki a kulle. Ta yi ta yawo neman mai taimako, a ƙarshe ta je wurin Bergh, mutumin dabbobi. Shi da lauyansa suka kai maganar kotu, aka ƙwato yarinyar, daga nan kuma aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara. Ni a shekarun da na yi ina aikin fasto, ban taɓa ganin mutumin da ya hana maraya abinci domin ya ba kare ba. Amma na ga yaran da suka fara da ɗaure wa kwikwiyo gwangwani a wutsiya, suka girma suna dukan matansu.

Mene ne aikin irin waɗannan gidaje a yau? Ba wani abin al'ajabi ba ne, aikin hannu ne mai wari da gajiya. In aka kawo kare, sai a ware shi tukuna, likitan dabbobi ya duba shi, a yi masa wanka, a cire kaska da ƙuma, a ba shi maganin tsutsar ciki, a yi masa allurar rigakafi. A Ingila doka ta ce a riƙe karen da aka tsinta kwana bakwai ko ubangidansa zai zo. Tun 2016 kuma wajibi ne a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai shi, don kada wani ya yi irin abin da na yi ya ce ba a sani ba. In ba wanda ya zo, sai a yi wa namiji fiɗiya, a yi wa macen aikin hana haihuwa, a nema musu sabon gida. Abin da ya fi cin lokaci shi ne koya wa karen da ya sha duka cewa ba kowane hannu da aka ɗaga ba ne na bugu. Wani sai ya yi makonni a lungu yana rawar jiki kafin ya yarda ya ci abinci a gaban mutum. Akwai kuma ɓangare mai ɗaci. Karen da ciwonsa ya wuce magani, ko wanda ya zama haɗari ga mutane, akan yi masa allurar da za ta ɗauke ransa ba wahala. Masu wannan aiki sukan koma gida da nauyin zuciya.

Amma fa mafaka ba ta iya ɗaukar karnukan gari duka. A ƙasar Turkiyya, a 1910, hukumar birnin Istanbul ta ga karnuka sun yi yawa, ta kwashe dubun dubbai, ana cewa sun kai 80,000, ta zuba su a wani tsibiri na dutse a tekun Marmara, ba ruwa ba abinci. Suka cinye juna, suka mutu. Karnuka sun ƙare a Istanbul? Ko kusa. A 2024, bayan shekara 114, majalisar ƙasar ta sake yin dokar kwashe karnukan titi, gwamnati tana ƙiyasta yawansu miliyan huɗu, gidajen ajiyar da ke akwai a lokacin kuwa ba su ɗaukar fiye da 100,000 da 'yan kai. Dalili a fili yake. Muddin akwai juji da abinci a ciki, in ka kashe karnukan unguwa, waɗansu za su shigo daga maƙwabta su cike gurbin. Karya tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Masu zuba guba kuma, karen da ya saba da mutane, wanda watakila an riga an yi masa allura, shi ne yake fara ci. Na nesa mai tsoro shi yake tsira. Gubar kuma ba ta san kare ba, ba ta san ungulu ba, ba ta san yaron da yake wasa a wurin ba.

Yanzu bari mu dawo gida, gama a nan maganar ta taɓa ran 'ya'yanmu. Ina nufin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta cizon kare ake kamuwa. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, kusan ba mai tashi. Na taɓa tsayawa a bakin gadon yaro mai wannan ciwo. Ba zan kwatanta muku ba.

Abin baƙin ciki shi ne, tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro mai shekara tara allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. Maganin ba sabo ba ne. Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka bakwai cikin kowane goma allurar rigakafi a yanki, ana maimaitawa kowace shekara, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Ƙasar Meksiko ta bi wannan hanya, tana yi wa karnuka allura kyauta. A 1990 mutum 60 suka kamu ta cizon kare a ƙasar, a 1999 mutum uku, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun rabu da matsalar. Ba da guba suka yi ba, da allura suka yi. Mu ma ba mu rasa abin yi ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin haukan kare. Kun gani, a wannan magana jinƙai da hankali hanya ɗaya suka bi. Wanda ya kai karensa allura, ɗan maƙwabcinsa ya tsare.

Iyaye mata, ku riƙe wannan da kyau. In kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa, minti goma sha biyar cur, sa'an nan a tafi asibiti a ranar domin allura. Kada a tsaya ƙona gashin kare ana shafawa. Kada a ce bari mu ga yadda zai kwana. In karen na gida ne ana iya tsare shi, a tsare shi kwana goma ana lura da shi, amma kada jiran ya hana zuwa asibiti. Addu'a kuwa, mu yi ta a kan hanya.

Ga 'yan'uwanmu masu sana'ar karnuka, irin waɗanda suke cin kasuwar Dawaki a Jihar Filato, ban zo in yi shari'ar abincin kowa ba, Bulus ya riga ya yi wannan magana a Romawa 14. Amma cusa dabbobi a keji ɗaya, a bar su cikin rana ba ruwa, wannan ayarmu ta yau ta taɓa shi. Mai fiɗar karen da bai san daga ina ya fito ba kuma, da rauni a hannunsa, da ransa yake wasa.

Ba na ce kowace ikkilisiya ta gina gidan karnuka ba. Ba mu da wannan ƙarfi. Amma filin ikkilisiya yana nan, sanarwar ranar Lahadi kuma tana kai wa kowane gida. Me zai hana dattawa su gayyato malaman dabbobi sau ɗaya a shekara, a ce kowa ya kawo karensa? Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ga lokaci a shirye. Wanda ba zai iya ciyar da kare ba, kada ya karɓi kwikwiyo don yara sun yi kuka. Wanda zai tashi daga gari, ya nemi wanda zai danƙa wa karensa kafin ya nemi mota.

Shekara uku bayan canjina, aka gayyace ni ɗaurin aure a ƙauyen nan. Bayan sujada na zaga gaishe-gaishe, na shiga gidan wata tsohuwa gwauruwa, wadda Zumuntar Mata take kai wa hatsi lokacin bazara. Sai ga baƙin kare kwance a gindin turminta, bakinsa ya fara furfura, kunne ɗaya a yage.

Na ce, "Mama, karen nan fa?"

Ta ce, "Ai naka ne, Fasto. Da kuka tafi ya dawo ya kwanta a ƙofar gidanku, ya ƙi tashi. Da yunwa ta ishe shi ya shiga bin juji, yara suna jifansa. Na ga abin ba kyau, na fara ajiye masa ƙanzo. Ƙanzo ne kawai, ɗana, ba wani abu ba."

Na kira shi, "Duna!" Ya ɗaga kai, ya kaɗa wutsiya, ya taso ya shinshina hannuna. Sa'an nan ya koma gindin turmi ya kwanta. Na ciro kuɗi zan ba ta, ta ƙi karɓa. Ta ce in dai ina so in yi wani abu, malamin dabbobi yakan zo ranar kasuwa, in biya masa kuɗin allura, gama jikokinta suna wasa da shi. Na kwana biyu a ƙauyen na jira ranar kasuwa, ni na riƙe shi aka yi masa.

Lokacinmu ya ƙure. Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.